Tsakanin aji da gida: ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a aikin koyarwa

Malamar CE1, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da iyayen yara da ke wannan zaure, da fatan an shiga sabuwar shekarar karatu lafiya. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau tura ta kai bango, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Ni malamar kwantaragi ce, shekarata 7 ke nan da alli a hannu, kuma bana an ba ni ajin CE1, wato aji uku na firamare, mai yara 74 a wata makarantar ƙauye da ke kan hanyar Mirya. Gidan aurena yana Garin Malam, ƴaƴana 4, na ƙarshen watansa 5 da haihuwa. Kullum nakan fita kafin ƙarfe 7 da jariri a baya da jakar littattafai a kafaɗa, in hau kabu-kabu zuwa bakin hanya in jira mota, kuma ba na dawowa da rana domin kuɗin mota sau 4 a yini ya fi ƙarfin abin da nake karɓa. Saboda haka a can nake wuni har a tashi karatun yamma, in iso gida gab da magariba in tarar da tukunya tana jirana.

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san yadda sha'anin ruwa yake. Famfon layinmu ya fi zuwa da ƙarfe 2 ko 3 na dare, kuma idan ban tashi na tara a jarkoki ba, washegari sai na saya wurin ƴan garuwa. Tsakanin sallar isha'i da zuwan ruwan nan nake rubuta fish, wato takardun shirin darussan gobe, in duba littattafan yara, sau da yawa da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Akwai daren da na farka na ga jan biro ya zana layi tun daga saman shafin wani yaro har ƙasa, domin barci ya sace ni ina cikin gyara masa lissafi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru a mako guda. Ranar Talata ɗiyata mai shekara 3 ta kwana da zazzaɓi, na kai ta likita da sassafe, layi ya riƙe ni, ban isa makaranta ba sai wajen ƙarfe 10. Ashe ranar ce mai ba da shawara kan koyarwa ya zo zagaye, ya tarar da ajina babu malami, yara suna ta hayaniya, wani ma ya fasa wa wani baki. Aka ba ni takardar neman ba'asi. Ranar Alhamis kuma aka yi sunan ɗan ƙanwar maigidana, ni kuwa da takardar nan a wuyana ban iya neman izini ba, sai da yamma na je. Uwar mijina ta amsa gaisuwata, sannan ta ce a gaban mata: "Ai mun san aikin gwamnati ya fi mu." Maigidana bai ce mini komai ba, amma tun daga ranar ya fara cewa in duba ko wahalar ta kai abin da ake samu.

A makaranta ana ganina a matsayin mai sakaci da aiki, a gida kuma ana ganina a matsayin wadda ta fifita aiki a kan dangi, alhali ni na san ban huta a ko'ina ba. Shin in nemi a maido ni cikin gari, ko in ajiye aikin har yaran su tasa? Waɗanda suka yi shekaru a cikin wannan hali, yaya kuka yi?

Tsohon Darekta, Birni

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba yarinya lafiya, ya raya jariri. Na fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a nan Zinder tun kafin a haife ki, na riƙe makarantu a ƙasar Magarya da Gure kafin in yi ritaya, kuma irin takardar da aka ba ki ni ma na sha rubuta wa malamai ita, wasu da hujja, wasu kuma da na waiwaya yanzu ina ganin da na yi musu uzuri.

Ki fara da takardar, domin ita ce mai wa'adi. Ki amsa ta a rubuce, gajeriyar amsa mai ladabi, ki haɗa da takardar likita mai ɗauke da ranar da kika kai yarinyar. Kuskurenki a ranar nan ɗaya ne, wato rashin sanar da darekta tun da asuba. Da kin kira shi, da ya raba yaranki a wasu azuzuwa ko ya shiga ajin da kansa, kuma baƙon da ya zo da sai ya tarar da malamar da ba ta nan da izini, wanda hukuncinsa daban ne da na aji da aka bari haka kawai. Darekta ba ya son a ba shi kunya a gaban na sama da shi, kuma galibin fushin da kike gani daga nan yake tasowa.

Game da asalin matsalar, ku malaman yanzu kun shigo aikin ne a wani yanayi da mu ba mu sani ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da aka fara ɗaukar masu aikin sa kai, sannan aka koma ɗaukar ƴan kwantaragi da yawa a ƙarƙashin shirin ilimi na shekara 10 da aka fara a 2003, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, mata kuma suka shigo aikin sosai, wanda abin alheri ne. Sai dai an gina azuzuwa ba a yi tunanin inda malama za ta kwana ko inda za ta ajiye jaririnta ba. Dokar aiki ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na makonni 14, ta kuma ba ta lokacin shayarwa da bai wuce awa 1 a yini ba har tsawon wata 12. Ma'aikaciyar ofis tana iya tura ƙofa ta fita awa guda ta dawo ta tarar da takardunta a inda ta bar su, amma malamar da ta juya baya minti 5 a gaban yara 74 ta san abin da za ta tarar. Ki tambayi wakilin ƙungiyarku ta malamai, ko SYNACEB ce ko SNEN, ya nuna miki abin da yarjejeniyarki ta tanada a kan wannan, domin haƙƙin da ba ki san da shi ba babu mai kawo miki shi har aji.

Maganar dawowa cikin gari kuwa, hanyarta a buɗe take: takardar neman a haɗa ma'aurata wuri guda, wadda za ta bi ta hannun darekta zuwa ga sufeto, da takardar shaidar aure a haɗe. Amma kada in ɓoye miki, kusan kowace malama da ke kewayen Zinder irin wannan takardar take rubutawa, har ta kai ana samun makarantun cikin gari da malamai sun yi wa azuzuwa yawa, na ƙauye kuma malami ɗaya yana riƙe da aji biyu. Shi ya sa lokaci zuwa lokaci hukuma take sake rarraba malamai, wadda ta samu shigowa bana sai ta ga an mayar da ita baɗi. Ki rubuta, amma kada ki jingina rayuwarki a kanta.

Abin da na riƙa yi a makarantuna shi ne, mai shayarwa ba na ba ta CI, wato ajin farko, domin ƙananan nan ba a ɗauke ido daga kansu, ba na kuma ba ta CM2, ajin ƙarshe mai jarrabawa. A nan darektanki ya kyauta da ya ba ki CE1. Sannan a taron CAPED, inda malamai ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, ku malaman aji ɗaya ku raba darussa, wannan ta shirya na lissafi, waccan na karatu, ku yi musaya kowa ya gyara daidai da yaransa, domin babu dalilin da zai sa mutum 5 su hana kansu barci a kan darasi guda. Jariri kuma ki nemi yarinya daga dangi ta riƙa bin ki tana riƙe miki shi, kamar yadda malamai mata suka saba yi. Amma ajiye aiki ban ba ki shawararsa ba, domin fita tana da sauƙi, dawowa ce ba ta da tabbas, kuma shekaru 7 da kika tara suna cikin abin da ake dubawa idan an tashi ɗaukar ma'aikatan dindindin.

Malama mai shekara 21 a aji, Matamaye

Baba Darekta ya yi magana ta manya, Allah ya ƙara girma, kuma na yarda da kusan duk abin da ya faɗa. Wuri ɗaya ne zan roƙi ya yi mini afuwa in saɓa masa, wato batun yarinya mai raino, domin ni na yi shi kuma har yau yana ci mini rai.

Lokacin da na haifi ɗana na biyu, an kawo mini ɗiyar ƙanen mahaifina daga ƙauye, shekararta 9. Shekara 4 ta yi tana zaune a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bakin ajina da goyo a bayanta, tana jin ina koya wa sa'o'inta karatu. Wata rana na fito na tarar tana rubuta haruffa a ƙasa da tsinke, irin waɗanda ta hango a allo ta ƙofa, wasu a juye domin daga gefe take ganinsu. Na yi niyyar in sa ta aji idan yaron ya yi wayo, sai wani cikin ya zo, daga nan shekarunta suka wuce na shiga CI, aka mayar da ita gida aka yi mata aure. Yau idan ta zo gaishe ni, ɗanta ne yake karanta mata lambar waya. Mu ne muke zuwa gida gida muna roƙon iyaye su bar ƴaƴa mata su yi karatu, don haka ƙanwata, kada ki fara abin da zai hana ki ɗaga kai a gaban iyayen nan.

Kuma kada ki shimfiɗa jariri a cikin aji idan ajin na zana ne. Ba mu manta da gobarar da ta tashi a wata makaranta a Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, wadda ta ci yara fiye da 20. Rumfar kara idan ta kama ba ta ba mutum lokacin da zai zaɓi wanda zai ɗauka.

Abin da na koma yi daga baya shi ne na je wurin shugabar ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, wato AME, na gaya mata halin da nake ciki. Ta haɗa ni da wata dattijuwa da gidanta yake jikin makaranta, ina kai mata yaro da safe, ina zuwa in shayar da shi lokacin hutun rabin safiya da kuma da rana, ƙarshen wata in ba ta jikka 3 da sabulu. Da wata malamar ta haihu ita ma ta kawo nata, muka haɗa kuɗin. Tsohuwar ta samu na goro, mu kuma hankalinmu ya kwanta.

Tunda kin ce a can kike wuni, to tsakanin tashin safe da komawar yamma kina da lokacin da ya fi na dare albarka. Ni na yi wa kaina doka cewa littafin yaro ba ya shiga gidana. Ina duba na layi ɗaya kowace rana a makaranta, sauran kuma in gyara a kan allo su bi da kansu, ina zagayawa ina dubawa. Wani sufeto ya taɓa yi mini magana a kan haka, na nuna masa cewa babu littafin da yake yin mako ban sa masa hannu ba, ya yi shiru.

Uwar miji kuwa, ki fahimci cewa ba zuwanki da yamma ne ya ɓata mata rai ba, tambayar da mata suka yi ta yi mata ce tun safe, "Ina matar wane?", ita kuma ba ta da amsa. Idan an sa ranar biki ko suna a ranar aiki, ki je tun daren jajibiri da gudummawarki a hannu, ki kama aiki a gan ki, ki gaya mata da bakinki cewa gobe sai yamma. Ita da kanta za ta riƙa ba ki uzuri a gaban mutane. Maigida kuma ki zaunar da shi ku yi lissafi a fili, abin da albashin yake saya a gidan da abin da zai ragu idan babu shi. Ni sai da na yi haka sannan nawa ya ɗauki nauyin sayen ruwa, na daina tashin tsakar dare.

Mushe (malami namiji) daga arewacin Tanut

Ina gaida Baba da Yaya Malama. Ina so in ƙara wani ɓangare, domin idan ana wannan magana sai a ɗauka mata kaɗai ta shafa, alhali mu maza namu salon ne daban.

Shekarata 6 a wani ƙauye da ke arewa da Tanut, inda nake riƙe da CE2 da CM1, wato aji huɗu da aji biyar, a ɗaki ɗaya, iyalina kuma suna Sabon Gari a Zinder, domin matata ta gwada zaman can shekara guda, rashin likita kusa ya sa muka haƙura bayan ta sha wuya a wata haihuwa. Ina zuwa gida sau ɗaya a wata, idan an biya kuɗi. Idan biyan ya yi jinkiri, kamar yadda duk ɗan kwantaragi ya sani yana faruwa, to zuwan ma ya yi jinkiri, sai dai in kira mai kantin unguwa in roƙe shi ya ci gaba da ba su shinkafa da mai a rubuce. Da kuɗin ya fito kuma, tukunya biyu ce take jiransa, tawa ta can da tasu ta nan.

Bara babban ɗana yana CM2. Na zo hutun ƙarshen zangon farko na ce ya kawo littafinsa, sai na ga yaron da zai shiga jarrabawa bai iya lissafin raba adadi mai lamba 3 da mai lamba 2 ba, abin da ni nake koya wa ƴaƴan wasu kullum har su ƙware. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai uwarsa ta ce daga bakin murhu: "Wa ya zauna da shi?" Na sauke hannuna. Tun daga lokacin, duk daren da na samu layin waya a kan tudun da ke bayan ƙauyen, nakan kira shi in ba shi lissafi 3 ya yi, in saurari amsa. Ba ya maye gurbin zama kusa da shi, amma ya samu ya wuce.

Saboda haka Malama, duk da wahalar hanya, ke kina kwana da ƴaƴanki kowane dare, kuma wannan abu ne da wasunmu suke nema da takarda shekara da shekaru. Ban faɗi haka don in raina abin da kike ciki ba. Na faɗa ne don maigidanki ya ji daga bakin namiji cewa matar da take fita neman halak ta dawo ta dafa, ta kuma tashi tarar ruwa da tsakar dare, ba shawarar barin aiki take buƙata daga gare shi da farko ba, hannu take buƙata. Kai yarinya likita ranar Talatar nan ai shi ma zai iya.

Uban yara, ɗan kwamitin CGDES

Ni ba malami ba ne, manomi ne, amma ina cikin kwamitin makarantar ƙauyenmu a ƙasar Mirya, kuma ina roƙon malamai su yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ana buɗe makaranta a watan Oktoba, amma mu ba ma samun karan da za mu kafa rumfunan azuzuwa sai an gama girbin hatsi, yaran ma da yawa suna gona, don haka karatu ba ya kankama sosai sai an shiga Nuwamba. Idan aka cire wannan, aka cire ranakun yajin aiki da na zuwa karɓar albashi, abin da ya rage wa ƴaƴanmu kaɗan ne. Duk safiyar da malama ta makara, ko da hujjarta ta fi ƙarfin kowa, mu dai yaranmu ne suke zaune.

Amma laifinmu ma yana nan. Malamai mata 3 muke da su, dukansu daga gari suke zuwa, kuma ba mu taɓa zama mun tambaye su abin da zai sa su kwana a ƙauyen ko da daga Litinin zuwa Alhamis ba. Akwai gidan da mai shi ya tafi ci-rani ya bari a rufe, akwai tsofaffin mata da za su riƙe jarirai. Maganar Malamar Matamaye ta buɗe mini ido, kuma zan kai ta taron kwamiti mai zuwa.

Malamar CE1, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Darekta, na kai amsar takardar jiya tare da ta likita, darekta ya karɓa ya ce magana ta wuce, amma ya ja kunnena a kan kiran waya, daidai yadda ka faɗa. Yaya Malama, wallahi saura kaɗan in aika a kawo mini ɗiyar yayata daga Dungas, har mun yi magana da uwarta, amma da na karanta labarin yarinyar nan mai rubutu da tsinke sai na fasa. Na yi magana da shugabar AME, ta ce akwai wata gwaggonta kusa da rijiya, za mu je mu gan ta ranar Litinin.

Saƙon Mushe na Tanut kuwa na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni nawa ƴan garuwa suke kawo kura guda a wata. Wurin uwar mijina ban je ba tukuna, ina jiran a biya mu in sayi turmin atamfa na mai jego in tafi da shi.

Saura tambaya ɗaya ga Baba Darekta. Aurenmu a masallaci aka ɗaura shi shekara 11 da suka wuce, ba mu taɓa karɓar takardar shaida daga ofishin magajin gari ba. Shin sai na bi ta kotu kafin in samu wadda za a haɗa da takardar neman sauyin wuri, kuma wane wata ya kamata in ajiye ta don kada ta makara?